Taku Goma Sha Bakwai daga Ɗakin Maryamu

Grabina, 21 ga Mayu

Zuwa ga ɗana Leszek,

Yabo ya tabbata ga Ubangijinmu Yesu Almasihu, yau da kullum. Bayan haka ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, irin ta uba ga ɗansa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na can Bergen. Allah ya tsare maka hannuwanka daga ƙarfen jirgi, ya tsare ƙirjinka daga ruwan garin nan da aka ce ba ya ɗaukewa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata ta dama tana nan da halinta, in za a yi ruwa ita ke fara sanar da ni kafin rediyo. Itatuwan tuffa sun yi fure sosai bana, ƙudan zuma sun fita da ƙarfinsu, amya ɗaya kawai sanyi ya kashe. Na shuka dankali a bayan gida, kunya shida, ba takwas ba kamar da. Gwaggonka Pelagia ta fito daga asibiti, har ta soma faɗa da kowa, ka ga ta warke ke nan.

Kada ka yi mamakin ganin takarda daga wurina. Ka san aji biyu na yi aka mayar da ni kiwon shanu, sauran baƙaƙen a soja na tsince su, shi ya sa yau kwana uku ina kan rubutun nan. Da gangan na zaɓi haka. A waya kai ne mai magana, ni kuwa nawa "to" da "na ji". A takarda ba mai katse ni. Kuma kada ka ga laifin matarka Mirka, ba ta kawo mini tsegumi ba. Ranar da ka kira ta hannunta na cikin kwaɓin fulawa, ta saki muryarka a fili, ni kuwa ina zaune bayan ƙofa ina gyaran takalmi. Na ji ka da kunnena kana cewa ta biya tarar ajiye mota a wuce wurin, ta karɓe makullin motata, ta kai ni likita ya duba kaina, wai gigin tsufa ya fara. Ban ci abincin rana ba ran nan. Motar nan ita ce ƙafata, Leszek. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce kaina ya kwance, ni da mutanen gari ke zuwa tambaya wa ya haifi wa, wace rijiya ce ta wane.

To ga yadda abin ya faru tun daga farko, don kai gutsure-gutsure ka ji. Ka san ɗan ɗakin Uwa Maryamu na bakin hanyar shiga gari, wanda kakana Walenty ya gina da hannunsa da ya dawo daga yaƙi da ransa. Shekara arba'in mahaifiyarka Genowefa tana zuwa can kowace Asabar da safe, ta canza furanni, ta kunna kyandir, ta goge gilashi. Da ta rasu aikin ya dawo kaina. Ƙafata ba ta kai ni, sai da mota, kuma a kan tsakuwar da ke gefen ɗakin nake tsayawa kullum. Da aka gina babban kantin nan a tsohuwar gonar kaka, suka ba wani kamfani tsaron wurin ajiye motoci. Kamfanin ya kafa allo, ya kafa inji mai fitar da tikiti, ya haɗa har da tsakuwar a cikin nasa. Wai ka danna, ka ciri tikiti, ka ajiye a gilashin gaba, awa ɗaya da rabi kyauta ne. Wanda bai ajiye ba, tarar zloti casa'in da biyar. Kai ka ɗauka mantawa nake yi. Ban taɓa mantawa ba. Ina ganin injin, yana ganina. Ba zan nemi izinin akwatin ƙarfe ba kafin in tsaya a ƙasar kakana. Sau uku suna maƙala mini takarda a gilashi, daga baya wasiƙu suka fara zuwa gida, da jan rubutu da maganar kotu.

Maƙwabcinmu Alojzy, wanda ya san komai a duniya ban da gyaran shingensa, ya ce in jefa su a murhu. Ya ce, "Kai Teofil, tsohon banza, kamfani ɗan sanda ne? Ni biyar na ƙona, miyar kabeji ma na ɗumama da su." Kai kuma ka ce a biya. Mirka ba ta bi ko ɗayanku ba. Ta ɗauki hutun rabin yini daga gidan waya, ta sa ni a gaba muka tafi wurin lauyar da ke ba mutane shawara kyauta a ofishin gunduma. Abin da na fahimta daga bakin matar, bayan Mirka ta sake mini shi da maganar mutane, shi ne wannan: takardar kamfani ba irin ta hukuma ba ce, ba su da ikon taɓa ko cokalin gidanka da kansu. Amma in ka shiga filin mutum, ga allo a fili yana faɗin sharaɗi, to kamar ka amince da sharaɗin ne, suna iya kai ka gaban alƙali, kuma in komai nasu a tsare yake suna iya cin nasara, har a ɗora maka kuɗin shari'a. Na ce mata to in filin ba nasu ba ne fa? Ta ce ai shi ke nan, ba wanda ke kafa sharaɗi a ƙasar wani, amma sai an nuna iyakar. A hanyar dawowa Mirka ta tsayar da mota a bakin gada, ta juyo ta dube ni, ta ce, "Baba, kada mu yi wa juna ƙarya. In ƙasarsu ce, za ka biya, ni zan raka ka. In taka ce, ba za ka biya ko sisi ba, ni zan tsaya. Yanzu faɗa mini abin da ka sani, ba na sauri."

Leszek, shekara ashirin da shida matar nan tana gidanmu, ban taɓa zama na ba ta labari ba. Tun ranar da ka kawo ta na sa a raina 'yar birni ce, ba ta san bambancin alkama da ciyawa ba, kuma ka san ni, in na ajiye abu a raina sai ya yi tsatsa a wurin. Ran nan a bakin gada na ba ta labarin da kai ma ban taɓa ba ka shi cikakke ba. Ina ɗan shekara bakwai kaka Walenty ya sayar da gonar, amma ya ce wurin ɗakin Maryamu ba na sayarwa ba ne. Da shi da mai saye da shaidu biyu suka haƙa rami, suka zuba gawayi da fasassun kwalabe a ƙasa, don su ba sa ruɓewa, suka dasa dutse a kai. Sai kaka ya kama hannuna daga ƙofar ɗakin, muka nufi mafitar rana, ya ce in ƙirga da ƙarfi. Taku goma sha bakwai. Muna isa kan dutsen ya murɗe mini kunnen hagu, murɗewar da har yau in sanyi ya yi nakan ji ta. Na tsala ihu, manya suna dariya. Ya ce, "Yi kukanka, ɗan nema. Takarda takan ƙone, kunne ba ya mantawa da inda aka ja shi." Sai ya zaro ƙwayar sukari daga aljihu ya sa mini a baki. Shi ma haka kakansa ya yi masa a wata iyakar. Kai ka tsira ne saboda mahaifiyarka ta rantse in na taɓa kunnenka za ta karya mini hannu da muciya.

Na zaci Mirka za ta yi irin murmushin da ake yi wa tsofaffi. Ba ta yi ba. Tambayoyi ta shiga jero mini kamar alƙali: wane wata ne, ƙofar ɗakin an taɓa canza mata wuri, dutsen yana da alama? Na ce gicciye kaka ya sassaƙa a kansa. Mako uku tana zirga-zirga. Ta je ofishin filaye ta tono cewa lallai akwai ɗan yanki da har yau sunan Walenty ke kansa, sai dai taswirar ta tsufa, ba ta faɗi daidai inda ya tsaya ba. Ta rubuta wa kamfanin da masu kanti, cikin ladabi, ba zagi ko ɗaya, ni da na so a saka biyu ta ƙi. Suka yarda a haƙa, tunda tsakuwa ce ba kwalta ba. Ta samo safiyo mai awon ƙasa, wani Sobieraj, mutum mai ƙarancin magana. Duk wannan fa bayan ta tashi daga aiki, kuma ba ranar da na rasa abinci mai zafi.

Asabar ɗin da ta wuce da ƙarfe tara na safe muka hallara. Kamfani ya turo mutuminsa, wani Kordas, da rigarsa mai ruwan ɗorawa, shi ne ma mai maƙala mini takardun. Rabin gari ya fito, wai cefane suka zo. Alojzy har da kujerarsa ta ninkewa. Na sa kwat ɗina na coci, na miƙa wa Mirka sandata, don ba na so a ga ina dogarawa. Na tsaya a ƙofar ɗakin, na ɗaga ƙirji, na taka kamar ranar faretin soja. Goma sha bakwai. Na nuna ƙasa na ce a haƙa nan. Sobieraj da Mirka suka karɓi diga da shebur bi da bi. Aka kai gwiwa, ba komai. Aka kai cinya, jar ƙasa kawai da wani tsohon gwangwani. Alojzy ya ɗaga murya ya ce, "Teofil, ko dai ɗaya kunnen aka ja? Gwada na dama mana!" Mutane suka fashe da dariya. Kordas bai yi dariya ba, abin da ya yi ya fi dariya ciwo. Ya dafa mini kafaɗa ya ce, "Dattijo, ba komai, kakata ma haka take, jiya ta nemi mijinta da ya rasu shekara goma." Ɗana, ba zan ɓoye maka ba, a lokacin nan na ce a raina watakila Leszek ne mai gaskiya. Na sa hannu a aljihu na taɓa makullin, na yi niyyar miƙa mata shi a gaban kowa a huta.

Mirka na tsaye cikin rami, ƙasa har gashinta, tana duban ƙofar ɗakin tana duban ƙafafuna. Ta fito, ta ɗauko sandata, ta zo daf da ni yadda ba mai ji, ta ce, "Baba, wanda ya ƙirga takun nan ɗan shekara bakwai ne, ba soja ba. Koma ƙofa. Ka yi tafiyar da kake yi da safe daga gado zuwa murhu, lokacin da kake zaton ba mai ganinka." Na ce mata ba zan ja ƙafa a gaban Alojzy ba ko za a yanka ni. Ta ce, "To ni zan riƙe maka hannu kamar yadda kaka ya riƙe, in ya yi dariya da ni zai yi." Haka muka yi. Sanda a dama, hannunta a hagu, ina jan ƙafa kaɗan-kaɗan irin tafiyata ta gaskiya, ina ƙirgawa da ƙarfi. Ashe tsufa ya mayar mini da takun yarinta ban sani ba. Goma sha bakwai ta ƙare tun ba mu kai ko kusa da ramin farko ba.

Aka haƙa a nan, shebur na tara ne ya fito da baƙi. Sobieraj ya durƙusa ya murza a yatsa ya ce gawayi ne. Sai ga koren gilashi yana ƙyalli. Dutsen ya kwanta a gefensa, da alama motar gini ce ta ture shi ta binne, amma da Mirka ta zuba masa ruwa daga gorar furanni sai ga gicciyen kaka, a karkace kamar yadda hannunsa yake. Sobieraj ya ce ko da dutse ya gusa, gawayin bai gusa ba, shi ne shaida. Ya kafa abin awonsa, ya ja layi zuwa tsohon itacen bakin hanya yadda taswira ta nuna, ya ce lissafi ya hau. Gwaggonka Pelagia, wadda likita ya hana fita, ta fara waƙar Maryamu ta watan Mayu, mata suka amsa. Alojzy ya ce shi dama ya sani, tun farko ya faɗa. Kordas ya cire hula, ya ce, "Dattijo, na janye maganar kakata." Na ce masa ya gaishe ta, watakila ita ma ba a tambaye ta yadda ya kamata ba ne.

Amma kada ka zaci matarka ta bar ni na yi ta fankama. Nan take ta ce Kordas ya fito da hotunan da ya ɗauka na motata duk sau ukun. Aka gwada da layin. Biyu motar na cikin ƙasar kaka, da tazarar tafin hannu. Na ukun, ranar da dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, na tsaya a karkace, ƙafafun baya duka biyu suna cikin nasu, ga allonsu kuwa tsaye a bayan motar. Kordas da kansa ya ce a bar shi, ya ji kunya. Mirka ta ce a'a. Ta ce, "Baba, iyaka fuska biyu gare ta. Tunda ka sa sun girmama taka, sai ka girmama tasu." Na yi gunaguni, na ce ƙafar mota biyu ai rabin tara ce. Ta ce in je in faɗa wa alƙali haka. Ranar Litinin na biya a gidan waya, a tagarta, ita ta buga hatimi. Sauran biyun kamfani ya aiko da takarda jiya cewa ya soke, kuma za su matsar da allonsu. Ban taɓa biyan kuɗi raina fari kamar wannan ba, kuma kada ka gaya wa Alojzy na faɗi haka.

Saura abu ɗaya, shi ne ainihin dalilin takardar nan. Da aka miƙar da dutsen aka mayar da gawayin da gilashin, mutane suka fara watsewa, sai na tsaya ina duban wurin. Shekarata tamanin da uku. Kai kana Bergen, 'yarku Jagoda tana Krakow, ba wani jinina da ya ga abin nan da idonsa. Mirka ta karanta ni kamar adireshi a bayan ambulan. Ta cire ɗankwalinta, ta tura gashinta baya, ta sunkuyo, mace mai shekara hamsin, a gaban safiyo da mutumin kamfani, ta ce, "Ja, Baba. Amma na hagu, da na dama nake amsa waya." Na ce mata da zafi fa. Ta ce in ba zafi ai ba amfani. Na ja, Leszek. Ban yi wasa ba, har hawaye ya fito mata, ta kira ni mugun tsoho, kowa ya ji. Na laluba aljihu ba sukari, sai ƙwayar alewar tari, ita na ba ta. Daga nan ta koma ƙofar ɗakin ta ƙirga da nata takun, sha ɗaya da rabi, ta faɗa da ƙarfi sau biyu.

Makulli yana nan a ƙusarsa ta bayan ƙofa, ba wanda ya taɓa shi. Likitan kai ba zan je ba, kaina an duba shi ranar Asabar a gaban shaidu. Amma Mirka ta ce tsayuwar nan a karkace ba dusar ƙanƙara kaɗai ba ce, ta lura idona na hagu ba ya ganin gefe sosai. Ba ta ce dole ba, tambayata ta yi ko zan yarda a duba. Na yarda, ranar Laraba za mu je. In likita ya ce in daina tuƙi, da hannuna zan ba ta makullin, ta riga ta ce safiyar Asabar ɗinta tawa ce. Ban riƙe ka a raina ba, na san tsoro ne ya sa ka faɗi abin da ka faɗa, kana nesa ba ka gani. Abin da nake so ka sani shi ne ka fi ni iya zaɓe, kuma shekara ashirin da shida na ɗauka kafin in gane.

Gwaggonka Pelagia tana gaishe ka, ta ce ka aiko mata da man kifin nan na gwiwa. Alojzy yana gaisuwa, har yanzu yana ƙona takardunsa, na gaya masa shi ba shi da kaka a ƙarƙashin tsakuwa. Ka gaishe mini da abokin ɗakinka Zbyszek, ka ce na gode da hular. In ka kira Jagoda ka ce kakanta ya ajiye mata zumar farko. Na je kabarin mahaifiyarka na ba ta labari duka, har da na kunnen. Na san da tana nan da na sha muciya. In ka zo a watan Agusta kana so ka san inda ƙasar gidanku ta tsaya, kada ka tambaye ni, kada ka tambayi ofis. Ka tambayi matarka.

Allah ya tsare ka, Uwa Maryamu ta rufa maka baya a hanya.

Ni ne mahaifinka,
Teofil